Cinikin Luka da Ma'aunin Riba

Ranar Lahadi 2 ga Fabrairu 2025, ina dawowa daga sallar asuba, na tarar da ƙanena a tsugune ƙofar gida, ya lulluɓa da bargo saboda sanyin hunturu, waya a hannunsa. Ko gaishe ni bai yi ba. "Yaya, sun sayar da Luka," in ji shi. Na ce masa ya tashi ya shiga ɗaki, wani ɗan iska ne ya kutsa shafin ɗan jaridar da ya ba da labarin. Ashe ba ni kaɗai na yi wannan zato ba, dubban mutane a Amurka ma haka suka ɗauka, domin ba a san ƙungiyar da ke sallamar ɗan wasa irin wannan yana ɗan shekara 25 ba. Kafin hantsi magana ta tabbata. Ƙungiyar Mavericks ta birnin Dalas ta miƙa Luka Doncic ga Lakers ta Los Anjalas, ta karɓi Anthony Davis da wani matashi Max Christie da gurbin zaɓe guda ɗaya na shekarar 2029.

Da dare a fadarmu, nan Damagaram, tun shayi bai kai na biyu ba an gama yanke hukunci: Dalas ta yi asara, manajanta Nico Harrison ya haukace. Ni ma da bakina a ciki. Amma da na kwanta sai wata tambaya ta hana ni barci, kuma har yau ba ta sake ni ba. Ko wasa ɗaya ba a buga ba tun da aka yi cinikin, to da me muka auna asarar? Kuma da a ce bayan wata huɗu Dalas ta ɗauki kofi, da mu ne masu kuskure, ko kuwa da shi ne mai sa'a?

Bari in ɗan yi wa waɗanda ƙwallon ƙafa kawai suka sani bayani, don kada in bar su a baya. A ƙwallon ƙafa ƙungiya kan biya kuɗi ta sayi ɗan wasa, shi kuma sai ya amince ya sa hannu kafin ya tafi. A gasar ƙwallon kwando ta NBA musaya ake yi, a ba da mutum a karɓi mutum, kwantiraginsa ya bi shi duk inda aka tura shi, kuma ba a neman yardarsa sai in yana cikin 'yan tsirarun da suka rubuta wannan sharaɗi a takardarsu. A 2019 an yi musayar Harrison Barnes yana tsakiyar wasa, a nan Dalas ɗin. Abu na biyu da ake cinikinsa shi ne gurbin zaɓe. Kowace shekara ƙungiyoyi 30 na gasar kan zaɓi sababbin matasa bi da bi, waɗanda suka fi shan kashi su ke da rabon zaɓen farko, ana kuma jefa ƙuri'a a tsakaninsu. Ƙungiya na iya sayar da gurbinta na shekaru masu zuwa. Wato ana cinikin yaron da watakila yanzu yana makarantar sakandare, ba wanda ya san sunansa, balle tsayinsa. Wanda ya karɓi gurbi ya sayi ɗan da ke cikin saniya ne, kuma saniyar ma ba a kai ga yi mata barbara ba.

To ga yadda lamarin Dalas ya gudana. A wasansa na farko Davis ya ji ciwo, ya yi makonni bai taka fili ba. A watan Maris Kyrie Irving ya tsinke jijiyar gwiwa. Ƙungiyar da ta je wasan ƙarshe a 2024 ta gama kakar da nasara 39 da shan kaye 43, ba ta ko shiga zagayen fitar da gwani ba. Muka ce, "Ai mun faɗa." Sai ga watan Mayu, aka jefa ƙuri'a, Dalas da rabonta bai kai kashi 2 cikin 100 ba ta fito ta ɗaya, ta ɗauki Cooper Flagg, yaron da kowace ƙungiya ke mafarkin samu a shekarar. Nan take wasu a fada suka juya harshe. Wani abokina ya ce, "Kun ga? Ba don an sayar da Luka ba, da ba su faɗi ba, ba don sun faɗi ba, da ba su shiga ƙuri'ar ba. Lissafa da kyau, sun sami Davis, sun sami Flagg." A watan Nuwamba kuma, bayan an fara sabuwar kaka da shan kashi 8 cikin wasa 11, aka sallami Harrison daga aiki, sai fada ta sake komawa kan hukuncinta na farko. Cikin wata tara mun yanke hukunci sau huɗu a kan ciniki guda, alhali abin da mutumin ya aikata a daren nan bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Maganar abokin nawa ita ce ta fi ba ni wahala, domin a zahiri gaskiya ya faɗa. Sarƙar tana nan, kowane zobe riƙe da ɗan'uwansa. Sai dai wanda ya yi sakaci gobara ta cinye masa rumbu, yana tonon toka ya ci karo da tukunyar azurfa da kakansa ya binne, ba ma cewa gobarar dabara ce. Harrison ya yi cinikin ne don ya ci kofi nan kusa, da bakinsa ya ce tsaron gida ke kawo kofi, shi ya sa ya nemi Davis. Flagg ya zo ne ta ƙofar rushewar wannan shirin. In muka rubuta shi cikin ribar ciniki, mun ba mutum lada kenan a kan abin da ya yi iya ƙoƙarinsa don kada ya faru.

Amma fa kada mu yi saurin jin daɗi, domin akwai wani labari da ke cizon wannan hujja ta baya. Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila ya tashi a Zariya, shi ne shugaban ƙungiyar Raptors ta Toronto a 2018. A watan Yulin shekarar ya ɗauki DeMar DeRozan, wanda ya yi wa ƙungiyar shekara 9, ya fi kowa ci mata maki a tarihinta, ya kuma sabunta kwantiraginsa a 2016 ba tare da ya saurari tayin kowa ba, ya miƙa shi San Antoniyo, ya karɓo Kawhi Leonard. Shi kuwa Kawhi wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda ciwo, saura masa shekara ɗaya a kwantiragi, kuma kowa ya san hankalinsa na Los Anjalas. Caca ce tsirara. A watan Mayun 2019, a wasa na bakwai da Filadalfiya, ana kunnen doki 90 da 90, lokaci ya ƙare ƙwallon na sama. Ta dira a bakin ƙarfen kwando, ta yi tsalle har sau huɗu, sannan ta faɗa ciki. Bayan wata ɗaya Toronto ta ɗauki kofinta na farko a kan Golden State, wadda a wasannin ƙarshen ta rasa Kevin Durant da Klay Thompson saboda rauni. Makwabtanmu na Kamaru sun yi murna a daren, don ɗansu Pascal Siakam na cikin waɗanda suka ɗaga kofin. Da Yuli ya zagayo Kawhi ya tattara kayansa ya tafi.

Yau Ujiri gwani ne, mai hangen nesa, mai ƙarfin zuciya. To a ce a tsalle na huɗu ƙwallon ta gangara waje, aka shiga ƙarin lokaci, Filadalfiya ta yi nasara, Kawhi ya tafi kamar yadda ya tafi. Da wane suna za a kira shi? Mutumin da ya wulaƙanta ɗan gida saboda baƙon da bai ko kwance jakarsa ba. Shawara ɗaya, niyya ɗaya, sani ɗaya, amma tazarar da ke tsakanin gwani da maci amana ba ta wuce faɗin yatsa a bakin ƙarfe ba. Masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun yi muhawara a kan wannan a 1976, suka kira shi sa'a a fagen ɗabi'a. Misalin da aka fi kawowa shi ne na direbobi biyu da suka yi sakaci iri ɗaya da birkin motarsu, yaro ya gifta gaban ɗaya, bai gifta gaban ɗayan ba. Hankali na cewa laifinsu ɗaya ne, amma ba wata al'umma a duniya da ke yi musu kallo ɗaya. Ni dai tun kafin in ji sunayen Turawan nan na ji irin wannan a zaure, inda malam ya karantar da mu cewa alƙalin da ya yi iya ƙoƙarinsa ya dace yana da lada biyu, wanda ya yi ƙoƙarin ya kuskure yana da ɗaya. Abin lura biyu ne a ciki. Ba a tuhumi wanda ya kuskure ba. Kuma duk da haka ba a daidaita shi da wanda ya dace ba.

Wanda ya ɗan warware mini ƙullin, ba tare da ya taɓa ganin ƙwallon kwando ba, kawuna ne, tsohon dillalin shanu. Kafin farin 2010 ya sayar da wani babban bijimi da yake ji da shi, ya juya kuɗin ya sayi karsana uku. Rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare, biyu suka mutu, ta ukun da ƙyar ta kai damina. Shekaru bayan haka na tambaye shi ko ya yi da-na-sani. Ya ce, "Ɗana, asara na yi, amma ban yi wauta ba. Na zaga kasuwa da shi, mutum shida suka taya, na ce albarka har sau biyar, na sallama wa wanda ya fi. Karsanun kuma na duba haƙoransu, na duba kofato, na tambayi garken da suka fito. Ruwan sama ba a hannuna yake ba. Da a bayan gida na sayar wa aboki cikin dare, ko da karsanun nan sun haifa mini garke, wawa nake, Allah ne kawai ya rufa mini asiri." Wato shi a wurinsa tambayoyi biyu ne da muke cusawa cikin buhu ɗaya. Me aka samu? Wannan sai an jira. Yaya aka yi cinikin? Wannan ana iya sani tun ranar kasuwa.

Da na ɗora ma'aunin kawu a kan cinikin Dalas, sai na ga hukuncinmu na daren farko bai rasa tushe ba, ko da yake yawancinmu zafin rai ne ya sa muka yi shi. In za a yi wa Harrison adalci, yana da dalilai. Luka na jinyar ciwon ƙwauri tun ranar Kirsimeti, an daɗe ana gunaguni a kan yadda yake kula da jikinsa da kuma rauninsa wajen tsaron gida, ga shi bazara na zuwa zai cancanci kwantiragin dala miliyan 345 na shekara 5, a gasar da ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi. Mai hankali na iya duba wannan ya ce gara a rabu yanzu. Ban yarda da shi ba, amma ba hauka ba ne. Inda ya faɗi shi ne bai kai bijiminsa kasuwa ba. Shi da manajan Lakers, Rob Pelinka, suka ƙulla maganar a asirce, sauran ƙungiyoyi suka wayi gari suka ji labari kamar yadda ƙanena ya ji. Kuma farashin kasuwar ba ɓoyayye ba ne. A 2022 Utah ta karɓi gurbin zaɓe 4 na zagayen farko da tarin 'yan wasa a kan Rudy Gobert. A 2024 Brooklyn ta karɓi 5 a kan Mikal Bridges, wanda ko sau ɗaya ba a taɓa zaɓensa cikin wasan taurari ba. Shi kuwa ya ba da ɗan shekara 25 da aka sa cikin biyar mafi gwaninta a gasar shekara 5 a jere, ya karɓi gurbi ɗaya da gwanin da ke dab da cika 32, wanda tarihin raunukansa ba baƙo ba ne ga kowa. Ciwon Davis a wasan farko ba irin farin da ya kashe karsanun kawu ba ne. Ya fi kama da tari da aka ji tun a kasuwa aka yi kamar ba a ji ba.

Shi kuma Ujiri, a wannan ma'auni, ya tsira ko da ƙwallon ta faɗa waje. Ƙungiyarsa ta ci wasa 59 a kakar 2018, amma LeBron James ya share ta wasa huɗu ba ko ɗaya, shekara ta uku kenan a jere yana fitar da ita. Ya ga rufin ɗakin, ya san ba za a ƙara tsayi a cikinsa ba. In cacar ta ci, kofi. In ba ta ci ba, dama rushe ginin za a yi a sake sabo.

Sai dai ban so in tsaya nan, domin wannan ma'auni ma yana da ramin da ake faɗawa. In aka ce sakamako ba ya cikin lissafi, kowane manaja ya sami mafaka. Duk wanda ya lalata dukiyar jama'a sai ya ce shawarata daidai ce, ƙaddara ce ta gifta, kuma mun san masu irin wannan magana a wuraren da suka fi filin wasa muhimmanci. Sakamako shaida ne, ko da ba shi ne alƙali ba. Sau ɗaya dai ana iya cewa tsautsayi, amma dillalin da kullum dabbobinsa ke mutuwa, a binciki idonsa. Dubi Oklahoma. A Yulin 2019 Paul George, wanda ya zo na uku a zaɓen gwarzon shekara, ya nemi a sake shi ya tafi Clippers, domin Kawhi ya sa hakan cikin sharaɗin zuwansa can. Manajan Oklahoma, Sam Presti, ya san Clippers a matse suke, sai ya ƙi sallamawa har sai da ya karɓi gurbin zaɓe 5, da damar musanya wasu 2, da Danilo Gallinari, da wani siririn yaro ɗan Kanada da ya yi shekara ɗaya tak a gasar, Shai Gilgeous-Alexander. A 2025 yaron nan ya zama gwarzon shekara, ya kai su ga kofi, mataimakinsa kuma Jalen Williams da ɗaya daga cikin guraben nan aka zaɓo shi. Presti ya san Shai zai kai haka? Ban yi tsammani ba. Sa'a ce. Amma sa'a ce da ya buɗe wa ƙofofi da yawa, ta yadda in ta tsallake wannan za ta shigo ta waccan. Harrison ƙofa ɗaya ya bari, sa'arsa kuwa ta katanga ta hauro.

Ga kuma batun lokaci, wanda masu ba da maki washegarin ciniki ba sa so a tayar. Ribar Oklahoma shekara 6 ta ɗauka kafin ta nuna. Bostan ta sallami Kevin Garnett da Paul Pierce a 2013, guraben da ta karɓa suka zama Jaylen Brown da Jayson Tatum, kofin bai zo ba sai 2024. Shekara 11. A tsakanin nan akwai tsohon da ya sayi tikiti yana kallon ƙungiyarsa na shan kashi, ya rasu bai ga kofin ba. Shi me ya samu? An karɓi farin cikinsa na yau an ba wa wani da zai zo gobe, ba a kuma shawarce shi ba.

Wannan ne ya kai ni ga abin da nake ganin shi ne gindin maganar. Muna cewa "ƙungiya ta ci riba" kamar ƙungiya mutum guda ce mai aljihu guda. Akwai masu ita, waɗanda a Dalas sababbi ne, don a ƙarshen 2023 Mark Cuban ya sayar da kaso mafi tsoka ga iyalan Adelson da Dumont. Akwai manaja, wanda lissafinsa bai wuce tsawon kwantiraginsa ba. Akwai 'yan wasa. Sannan akwai magoya baya, su ne kaɗai ba a biyansu, kuma su ne kaɗai ba sa tafiya. Fartanyar da aka sauya wa ƙota sau uku, aka sauya mata ruwa sau biyu, ana ci gaba da kiranta fartanyar baba ne saboda akwai 'ya'yan da ke tuna hannun da ya riƙe ta. Ƙungiya ma haka take. Cikin shekara goma kusan duk 'yan wasan za su sauya, koci zai sauya, wani lokaci har launin riga. Abin da ya rage shi ne mutanen da suka yarda cewa wannan tasu ce. Mutanen Dalas sun yi shekara 21 da Dirk Nowitzki, sun jure faɗuwarsa a 2006, sun ga kofinsa a 2011, aka kafa masa mutum-mutumi a ƙofar filin wasa da rubutun da ke yabon riƙon amana. Shekararsa ta ƙarshe ita ce ta farkon Luka, kamar an miƙa sanda hannu da hannu. Da aka yi cinikin, a gindin mutum-mutumin nan suka taru, har da masu ɗauke da akwatin gawa. Shi kansa Dirk ya tashi ya tafi Los Anjalas ya zauna kallon wasan Luka na farko a sabuwar riga. A wane shafi na littafin ciniki ake rubuta wannan?

Wani zai ce wannan tausayi ne kawai, sana'a ba ta san shi ba. To ko a ma'aunin sana'ar yana da farashi. A 2017 Isaiah Thomas ya buga wa Bostan wasa kwana ɗaya bayan ƙanwarsa ta rasu a haɗarin mota, ya ci gaba da wasa da ciwon ƙugu har jikin ya ƙi, bazara na zuwa aka yi musayarsa da Kyrie Irving. A takarda cinikin ya yi kyau. Bayan shekara biyu, da Bostan ke neman Anthony Davis, mahaifinsa ya fito fili ya ce ba ya son ɗansa ya je can, saboda abin da aka yi wa Thomas. Dillalin da ya cuci mutum ɗaya a kasuwa, kasuwar duka ta gani.

Ba na cewa musayar ɗan wasa cin amana ce a kanta. Na san kalmar "sayarwa" na yi wa kunnenmu nauyi in an haɗa ta da ɗan Adam, kuma da dalili, amma waɗannan mutane ne da suka sa hannu da saninsu, ana biyansu maƙudan kuɗi. Su ma suna tafiya in ta yi musu. Tun ƙarar da Oscar Robertson ya shigar a 1970, aka sasanta a 1976, hanya ta fara buɗe wa ɗan wasa ya zaɓi inda za shi in kwantiraginsa ya ƙare. LeBron ya bar Kilibland a 2010, Durant ya bar Oklahoma a 2016, magoya baya suka ƙona rigunansu. Ba daidai ba ne a nemi amana daga ɓangare ɗaya, kowanne ɓangaren ne kuwa. Abin da ya ƙona wa DeRozan rai, kamar yadda ya nuna, ya wuce tafiyar. Ya fahimci an ba shi tabbacin ba inda za shi, bayan 'yan kwanaki sai ga kira. Ujiri ya fito gaban 'yan jarida ya ba da haƙuri a kan abin da ya kira rashin fahimtar juna. Ina girmama Ujiri, na kuma san abin da yake yi wa yaran nahiyar nan ta gidauniyarsa ta Giants of Africa, amma ina ganin kofin 2019 bai goge wannan ba. Kofin ya tabbatar da cewa lissafinsa ya fita. Ko ya yi wa mutumin da ya ba shi shekara tara magana ɗaya, wannan wata shari'a ce daban, kuma ƙwallon da ta yi tsalle huɗu ba ta da shaidar da za ta bayar a cikinta. Mu 'yan kallo mun fi son a haɗa mana su, don mu yi murna ba tare da wani abu na sukar mu a ƙirji ba.

Na taɓa gaya wa ƙanena duk wannan, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, ni fa ba Dalas nake so ba ashe. Sai da aka sayar da shi na gane." Yaro ne da ya fara kallon wasan a waya saboda wani ɗan Sulobeniya mai tafiya kamar bai iya gudu ba, bai taɓa taka Amurka ba, bai san ko da mutum ɗaya a Dalas ba, amma ya yi shekara shida yana tashi ƙarfe biyun dare dominsu. Ranar 9 ga Afrilu, da Luka ya koma Dalas karon farko, mun zauna tare bayan sha biyun dare, wayar jingine da butar shayi. Kafin a fara aka nuna hotunan shekarunsa a babban allo, yana zaune a benci yana kuka, yana rufe fuska da tawul. Ya tashi ya ci maki 45. Duk ƙwallon da ya jefa, mutanen garin da ake ci suna tafa masa, in an tsaya kuma su koma kiran a kori manajansu. Lakers ta ci 112 da 97. Ƙanena na sanye da tsohuwar rigarsa ta Dalas mai lamba 77 da ya saya a gwanjo. Da aka tashi na tambaye shi wa ya goya wa baya a daren. Ya ce shi ma bai sani ba, ya ɗauki butar ya tafi wankewa.